Wainar da Ban Yi Niyyar Toyawa Ba a Fatakwal

Ana sallame asuba muka bar Zariya, ni da maigida, saura kwana uku Ƙaramar Sallah. Wannan ce Sallata ta farko a gidan surukai a Fatakwal, kuma an ce ni zan yi abincin hantsin da ake ci in an sauko Idi. Tun daga Kaduna har gadar Lokoja hoto ɗaya nake gani: Hajiya, mahaifiyar maigida, ta kai loma baki, ta lumshe ido, ta ce ɗanta ya yi dace. Me zan dafa ne ban sani ba. Na tambayi maigida, wanda aka haifa a gidan, ya ce, "Ko me kika dafa za su ci," ya koma barcinsa.

A Inugu muka kwana, gidan gwaggonsa kusa da Kasuwar Artisan. Garin tuddai ne da jar ƙasa, ruwan sama na sauka ba sallama. 'Ya'yanta suka gaishe ni da Hausa, suka juya suna faɗa da juna cikin harshen Ibo. Nan na yanke cewa mutanen da suka daɗe a Kudu abincin Kudu suke so. Na roƙe ta ta koya mini okpa. Kamar alala ce, amma da garin gurjiya: a dama da ruwan ɗumi, manja, gishiri da attaruhu, a ƙulla a ganyen ayaba, a dafa. Ta koya mini tana ta kallona, ban tambayi dalili ba.

Washegari muka sauka Anaca. Okada ya ratsa da mu cikin cunkoso har Kasuwar Relief, ina riƙe da mayafina ina salati. Kuɗin da ya caje mu, a Zariya sai in je Samaru in dawo sau biyu. Wani dattijo mahauci, abokin surukina, ya ji shirina ya yi dariya. "'Yata, okpa ai ta Inugu ce. Fatakwal bole suke ci." Wato gasasshiyar agada da kifi, a zuba musu miyar manja mai yaji. Wata mai sayar da kayan miya ta sa baki ta ce a'a, abacha, busasshen rogo da ake jiƙawa a cuɗa da manja. Na sayi kayan duka ukun, kaina na juyawa.

Da la'asar muka shiga Diobu, unguwar da shago ke jingine da shago, janareto na amsa wa janareto. Hajiya ta karɓe ni da fara'a da 'yar kunya irin ta surukai. Bayan shan ruwa na tarar da sabuwar tanda ta ƙarfe a ƙofar ɗakina. Zuciyata ta narke. Na je na durƙusa na yi godiyar kyauta, na naɗe tandar a zani, na sa a ƙasan akwati. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta ce, "Allah ya yi albarka."

Ranar Sallah na shiga kicin tun duku-duku. Na ga roba cike da jiƙaƙƙiyar shinkafa, da kabewa da yakuwa a gefe, na matsar da su don in sami wuri. Ana saukowa Idi na jera okpa, bole da abacha a tabarma, na tsaya ina jiran lumshe ido.

Ba wanda ya miƙa hannu. Sai ga matan maƙwabta, waɗanda ba Musulmi ba ma, kowacce da kwanonta. Ƙanwar maigida ta raɗa mini, "Anti, abeg, ina wainar? Wannan ai kullum a bakin get muke saye. Sati biyu Mama na faɗa wa unguwa amaryarta 'yar Zariya ce. Kabewar ma a motar shanu aka kawo mata."

Na dubi Hajiya. Ta sunkuyar da kai. Ashe ba ta iya ce wa matar ɗan fari ta yi kaza, shi ya sa ta ajiye tandar.

Na zazzage akwati, na ciro tandar. Maigida, da babbar rigarsa, ya hau okada da robar shinkafa zuwa wurin niƙa. Na zuba yis da 'yar dafaffiyar shinkafa, na rufe ƙullin kusa da murhu, na ɗora miyar taushe da gyaɗa. Abincin hantsi bai sauka ba sai bayan azahar. Matan suka dawo da kwanukansu. Hajiya ta ci uku, sannan ta ce, "Ƙullin bai kwana ba." Ta miƙo farantin. "Ƙaro min biyu. Tun rasuwar innata ban ci waina mai soyayyen gefe irin wannan ba."

Mun dawo Zariya kwana huɗu bayan Sallah, har yanzu ban tantance ko yabo na samu ko gyara ba. Abin da na gane kawai, na keta garuruwa uku ina tambayar kowa abin da Hajiya ke so, ban da Hajiya. Jiya ta kira ni da kanta, ba ta wayar ɗanta ba. Ta ce Babbar Sallah in zo da wuri, ƙulli ya kwana.