Yadda Na Kai Jinin Lantana Zariya

Gubuchi zuwa Makarfi

Ana sallame asuba muka bar Gubuchi a bayan a-kori-kura, ni da ’yata Lantana. Sau biyu tana haihuwar bakwaini muna binnewa, ga ciki na uku. Sista Rahila ta asibitin Makarfi ce ta ce likitoci a Zariya na binciken wani sinadari a jinin mai ciki, wai yakan nuna ko haihuwa za ta zo kafin lokaci.

Ta ɗebi jinin a ’yar kwalba, ta ce, “Inna, ramukan hanyar nan ba na mai ciki ba ne, motarmu kuma ba mai. Wa zai kai?”

Na ce, “Wa ya haife ta?”

Ta jera ƙanƙara a kular abinci, ta sa kwalbar. “Kada a buɗe. In ya yi ɗumi, ya lalace.”

Makarfi zuwa Tashar Yari

Tasha fayau, motoci duk suna layin gidan mai tun shekaranjiya. Sai wata motar rake. Direban ya ce, “Iya, ba na ɗaukar mutane.” Na hau na zauna kan rake, na ce ya zo ya sauke ni. Ya yi dariya ya ja.

A Tashar Yari sojoji sun gindaya itace. Wani ya nuna kular da bakin bindiga.

“Tsohuwa, buɗe! Nama ne?”

“Jinin ’yata ne, ɗan nan. Ba ya son iska.”

“Na ce buɗe!”

Na dube shi sosai. Na ce, “Jikoki biyu na binne. In ka buɗe, ka biyo ni da fartanya ka haƙa na uku.” Ya sauke kai. Babbansu ya tsayar da wata fijo, ya sa aka matsa mini a gaba.

Zariya

Rana ta take na isa babban asibiti, ruwa na ɗiga daga kular yana jiƙa mini zane. Ma’aikacin ɗakin gwaji ya taɓa kwalbar ya ce, “Da sauran sanyi.” Sai a lokacin na ji yunwa, na sayi ƙosai da koko. Na kwana gidan wata ’yar garinmu a Tudun Wada.

Washegari likita ya ce, “Iya, wannan gwaji ba tabbas ba ne, amma akwai alama. Ku kawo ta kusa da mu tun da wuri.”

Komawa gida

Na ɗauko Lantana a Makarfi, muka shiga Gubuchi da la’asar. Mijinta ya fara zancen aikin gona, na ce ya nemo mota mai laushi. Ya nemo, muka kai ta Zariya.

Wata bakwai ta haihu, a hannun likitoci, aka sa yarinyar a kwalba har ta yi ƙwari. Na gode wa Allah, na gode wa Sista Rahila da mai motar rake. Yarinyar ga ta can tsakar gida, tana kora mini kaji.