Kwamfutar da Auta Ya Bari a Kunne

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran autana bayan ɗan zazzaɓin da ba mu ɗauke shi komai ba. Asabar ɗin kafin nan matarsa ta haifa mini jika mace. Har safiyar rasuwar ina tare mutane a hanya ina ce musu na yi sabuwar amarya.

Auta, ban yi kuka ba tukuna. Ana zuwa, ina amsa gaisuwa, ana tafiya.

Kai ka riƙa duba mini aikin gida lokacin da na shiga makarantar yamma da furfurata, ba ka taɓa yi mini dariya ba. Da na tambayi aikinka, ka ce mitar wuta da injin famfo suna da manhaja a ciki, Linux, wadda ake ginawa hawa-hawa. Abokanka suna rububin sabon reshenta, kai kana gadin tsohon, kana ɗauko gyara daga sabon kana kai masa, domin shi ne a gidajen mutane.

Na ce, "Wato kai ma jinyar tsofaffi kake yi."

Ka ce, "Baba, ai a kanka na koya."

Bayan jana'iza abokin aikinka ya roƙe mu kada a kashe kwamfutar ɗakinka. Ya ce gyaranka na ƙarshe take haɗawa, in ta mutu a tsakiya ba shi da tabbacin zai iya tayar da shi. Sai na ɗauki kujera na zauna gadinta, jaririya a cinyata. Rubutu yana ta gudu a allon. Haruffan na sani, maganar ce ban sani ba. 'Yan uwanka mata suka ce ƙugin fankarta yana tayar musu da hankali, na ce a bar ta.

Jiya abokin aikin naka ya dawo ya duba, ya ce aiki ya kammala lafiya, ya tura shi da sunanka. Ya nuna mini maɓallin.

"Baba, yanzu za a iya kashewa."

Na ce masa to.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka. Surukata, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya miki marainiyar nan. Mahaifiyarsa da 'yan uwansa da abokan aikinsa, Allah Ya ba mu dangana.

Har yanzu tana kunne.