Makon Da Na Yi Da Furen Tekun Gwaggo

Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, ta yi sama da shekara talatin tana aikin jinya a Legas. Da ta yi ritaya ta dawo Rano, ta zo rungume da wata kula wadda ba ta yarda kowa ya riƙe mata ba tun daga can. A cikinta akwai furen teku. Wata likita da suka yi aiki tare ce ta bar mata shi lokacin da za ta koma ƙasarsu, haɗe da akwatin gilashin da yake zaune a ciki da kifi ɗaya ɗan ƙarami, ruwan goro mai ratsin fari.

Sunansa ne fure, amma dabba ne. Yana manne da dutse a ƙasan ruwa, faɗinsa kamar tafin hannu, bakinsa a tsakiya, kewaye da wasu yatsu masu taushi jajaye-jajaye da ke kaɗawa ba hutawa. Kifin a cikin yatsun nan yake kwana. Matan unguwa sun yi ta zuwa kallo, wasu na cewa Hajiya ta dawo da abin da ba a ci ba a sha. Ita dai sai ta yi murmushi ta ci gaba da aikinta.

Riƙon halittar teku a garin da ba ya da ko babban kogi ba ƙaramin aiki ba ne. Ruwan rijiya ba ya yi, sai tataccen ruwa daga gidan fiya wata, ta haɗa da wani gishiri da ake aiko mata daga Legas. Ta sa sola don fitilar akwatin da injin da ke juya ruwan. Jatan landen da furen ke ci kuwa wani direban motar haya ne ke taho mata da shi daga Kano a cikin ƙanƙara.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kibiya. A hutun bazara aka ba ta ranar da za a cire mata yanar ido a Kano, ta ce in zo in zauna mata a gida mako guda. Kafin ta tafi ta nuna mini komai: in yanki jatan lande kamar ƙwayar masara, in kama da hantsaki in ɗora a kan yatsun, sau biyu kacal a mako.

Ranar farko da na ba shi, na ga yadda yatsun suka naɗe tsokar suka kai baki, sai abin ya burge ni. Na kuma ji tausayinsa. Na ce a raina Gwaggo da tsantseninta tana barin bawan Allah da yunwa. Washegari na ƙara masa, na yanka babba. Rana ta uku na sayo hanta, na ba shi har yanka biyu. Da zafi ya tsananta kuma na kashe fitilar, a tunanina ita ke dafa ruwan.

A rana ta biyar na tarar ya amayar da hantar, ta ruɓe a ƙasa, ruwan ya yi duhu-duhu. Yatsunsa sun yamutse kamar dafaffiyar taliya, launinsa ya koɗe, bakinsa a hangame. Kifin na ta zagaye shi, ya rasa wurin shiga. Na ɗauki waya sau da yawa ina ajiyewa, don an ce kada a tayar mata da hankali.

Ta dawo ranar Asabar da hantsi, sanye da baƙin tabarau. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce wurin akwatin. Na tsaya a bayanta na faɗa mata duk abin da na yi, ban rage komai ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni ranar da na ba shi hantar da ranar da na kashe fitila, kamar tana karɓar bayanin majiyyaci.

Likita ya hana ta sunkuyo da ɗaukar abu mai nauyi, idon kuma bai gama washewa ba. Sai ta ja kujera ta zauna, ta ce in ɗebo mata ruwan a kofi. Ta kai hanci ta shinshina.

"Bai mutu ba," ta ce. "Wanda ya mutu, warinsa ba ya barin mutum ya zauna a ɗaki. Duba mini gindinsa, 'yata. Yana riƙe da dutsen?"

Na ce yana riƙe.

"To, muna da aiki. Wanke hannunki, kada ki sa sabulu."

Tana daga zaune tana faɗa, ina yi. Na zuƙe ruɓaɓɓen naman da tiyo, na kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, na zuba sabo a hankali. Ta sa na ɗaura fanka tana hura saman ruwan, na jefa robobin ruwa masu ƙanƙara a ciki, muna duba ma'aunin zafi. Fitila kuma ta ce a kunna, amma a rage ƙarfinta da yankin gidan sauro, kullum a ɗan ƙara. A nan ta bayyana mini cewa akwai wata gansakuka da ido ba ya gani a cikin jikinsa, ita ke ba shi launi, ita ke samar masa yawancin abincinsa daga haske. Zafi da duhu su suka kore ta.

Kwana huɗu ta hana a ba shi komai. Ta ce cikin da ya wahala hutu yake so. A na biyar aka ɗora masa tsoka kamar ƙwayar dawa, ta zame ta faɗi, don yatsun sun daina kamawa. Gwaggo ba ta nuna damuwa ba, ta ce a cire, a sake gwadawa jibi. Da aka sake, ya riƙe, sai kifin ya zo ya fizge. Ta yi dariya har tana dafe ido, ta sa na ɗora masa wata tsokar, na kifa ƙaramar rariya ta roba a kansa har ya gama haɗiyewa. Ya ɗauki kusan rabin awa, tana zaune ba ta motsa ba.

Na tambaye ta a ranar me ya sa ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ta ga iyaye mata da yawa sun ɗura wa jariri abin da ya cutar da shi, kuma duk don so ne, faɗa bai taɓa gyara ko ɗaya ba, sai koyarwa.

Hutu ya ƙare na koma Kibiya, amma duk Asabar ina hawa mota in zo. Bakinsa ya rufe a mako na biyu. Launin ne ya daɗe, sai da damina ta yi nisa sannan ja ya fara dawowa daga bakin yatsun. Wata safiya ta kira ni a waya, ta ce furen ya rabe gida biyu, kowanne da bakinsa, wai haka suke yi wani lokaci bayan sun sha wuya. Ta ce ɗayan ya rarrafa bayan dutse inda hannunta ba ya kaiwa, in zo da wuri, rabonsa da abinci kwana uku ke nan.