Kukan Bature a Zauren Dundaye

Ni mahauci ne, ko in ce na taɓa zama, kafin gwiwoyina su yi mani ritaya ba tare da sun nemi shawarata ba. Boko kuwa a aji huɗu muka yi sallama da shi, kowa ya kama gabansa ba gaba. Duk da haka, in na ce zan yi bayani a kan waƙoƙin baƙin ciki na Turawa, kada wani ya taɓe baki. Na yi bincike. Bara na yi shi, a cikin gidana na Ƙofar Atiku, kuma ba da son raina ba.

Jikata ce ta jawo, ɗiyar babban ɗana. Tun tana rarrafe nake kiranta amarya, ita kuma tana kirana ango, irin wasan jika da kaka. An sa mata rana da wani saurayi malamin makaranta, ɗan Dundaye. An kawo kaya, an raba goro, sai ana gab da biki iyayensa suka aiko wai ya janye. Dalili bai biyo saƙon ba.

Ubanta yana Kudu da shanu, saboda haka mayar da kaya ya faɗo kaina. Wasu gidajen kan ce tunda namiji ne ya fasa, kaya sun zama na yarinya. Mu mahauta ba mu yin haka. Ko allura ba mu riƙewa, don kada gobe a ce mun ci kayan mutane. Kuma a wurinmu, muddin akwai ko ɗan kunne nasa a cikin gida, magana ba ta mutu ba. Wani ba zai yi sallama ba, yarinya kuma tana nan a rataye.

Mata suka tattara komai, atamfofi da takalma da turare, aka jera akwatuna a zaure. Abu guda ya rage: wata 'yar sipika mai girman dunƙulen fura, da katin waƙoƙi a cikinta, waɗanda shi ya zaɓa mata. Yarinya ta shige ɗaki da ita ta turo ƙyaure. Tuwo ya shiga ya fito yadda ya shiga. Abin da ke fitowa da ƙarfinsa kawai shi ne kukan Bature, da jita mai lantarki tana taya shi.

Na kasa zama. In na zauna a zaure akwatunan nan suna kallona. In na fita majalisa, kowa ya yi shiru irin shirun da ke nuna da maganarka ake. Na taka har Hubbaren Shehu wai in sami natsuwa, na iske ƙafafuna sun juyo da ni gida ban gama gaisawa da mutane ba. Carbi ma na ja shi har ya yi zafi, ban san me na karanta ba.

Tsohuwata, wato kakarta, ta tare ni a tsakar gida tana riƙe da kwanon da aka dawo da shi.

"Malam, kai za ka shiga ka amso abin nan ko ni?"

"In kika shiga da wanga baki naki, sipikar ma sai ta yi kuka."

"Ai kukan take tun da safe. Yarinya za ta mutu da yunwa kana zagaye gida kamar kazar da za ta yi ƙwai."

Na gyara hula na je bakin ƙofa. "Amarya, buɗe. Angonki na gaskiya ya iso. Ni hwa ban taɓa janyewa ba."

Bature ya ci gaba da kukansa. A da, kafin in rufe baki ta ce ba ta auren mai haƙora a warwatse kamar gidajen ƙauye. Rashin wannan zagin shi ya fi tayar mani da hankali. Sai na jawo buzuna na shimfiɗa a bakin ƙofar, na zauna sauraro, kamar alƙalin da aka kawo wa ƙara.

Irin wannan kiɗan ba baƙo ba ne gare ni. Zamanin da muke kai shanu Legas a bayan babbar mota, akwai wani direba mai kaset da ba ya jin komai sai shi. Muna zaune a kan katako bisa ƙahonni, iska na dukanmu, jita na ihu daga gaba kamar an taka wutsiyar kyanwa. Turancina bai wuce karanta rubutun jikin mota ba, amma mahauci ba ya buƙatar tafinta. Wanda ya saba jin saniyar da aka raba da maraƙinta ya san wannan muryar ko da wane yare ta zo.

Ga sakamakon bincikena, ga mai son ya ƙaru. Bature in mace ta bar shi, ba ya zuwa wurin yayansa ko limamin unguwa. Makaɗa yake tarawa. Ya sa mai ganga, ya sa mai jita, ya tsaya gaban jama'a ya yi ta kururuwa, su kuma suna tafa masa. Mu kuwa haɗiyewa muke, a ce da kai haƙuri, ka ce ba komai, ka je ka rame.

Wata waƙa ta zo, mai farawa a hankali kamar mara lafiya, sai can ta fashe. Ban san sanda na fara binta da hanci ba. Daga hanci na koma baki. Muryata kuwa, ko awaki ba su taɓa yaba ta ba.

Ƙyaure ya buɗe kaɗan. "Kaka, don Allah ka bar ɓata waƙar."

Kaka ta ce, ba ango ba, amma dai magana ce. Na tura kafaɗa na shiga kafin ta sake tunani. Ta faɗa, idanu sun kumbura, sipikar na kan cinyarta.

"Mi yake cewa, wanga bawan Allah?"

"Cewa yake ta tahi, kuma har yanzu in iska ta motsa ƙofa sai ya ɗaga kai."

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"Ba rasuwa, ya tara makaɗa haka? To in uwarsa ta rasu mi zai buga?"

Bakinta ya motsa, amma dariyar ba ta fito ba. Ta shafa sipikar ta ce, "Kowa ya shigo haƙuri yake ce mani, Kaka. Inna haƙuri, gwaggo haƙuri. Wannan kaɗai ne bai ce in yi haƙuri ba."

Haƙurin da na zo da shi a baki sai na mayar da shi ciki. Na ce, "To, sa mana daga farko. Ni da ke za mu ji su duka, ba mai cewa komai. In sun ƙare, sai ki yanke hukunci."

Muka ji. A cikin waƙoƙin mata suka yi kuka, maza suka yi kuka, wani ma har da shessheƙa. Ta yi nata a hankali, ni kuma na duƙufa kallon tabarma. Da ta ƙarshe ta mutu, ana kiran la'asar, ta danna wani wuri, ta miƙo mani da hannu biyu.

"Kai mashi abinai. Kada ka taɓa komai a jiki."

Washegari da hantsi na ɗora akwatuna a keke mai ƙafa uku, na sa sipika a aljihun babbar riga, muka nufi Dundaye. A hanya waccan waƙar mai fashewa ta hana ni sakat. Na ce bari in yi mata bankwana, don kammala bincike. Na danna wani maɓalli, wata 'yar fitila ta kama, sauti bai fito ba. Na ce ta mutu, na mayar aljihu.

A zaurensu dattawa sun jeru, kowa fuska a ɗaure. Aka gaisa, aka duba kaya. Baffan yaron ya ɗaga hannu yana roƙon Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Na sunkuya zan shafa, cinyata ta matse aljihu.

Jita ta tsala ihu daga cikin rigata.

Wani tsoho ya zabura har hularsa ta faɗi. Na cusa hannu na danna, Bature ya ƙara murya. Na sake dannawa, mai ganga ya shigo. Da na ga ba sulhu, sai na fito da ita a natse, na ɗora bisa akwatuna, na ce, "Wagga ma taku ce. Da kukan duka muka kawo, ba mu rage komai ba."

Ba wanda ya iya kashe ta, dole aka kira saurayin daga cikin gida. Ya shigo kai a ƙasa, ya durƙusa, ya laluba ya kashe. Bai dube ni ba har na tashi.

Na iske ta a bakin ƙofar ɗaki, tana jira. Na ba ta labari tiryan-tiryan, har da hular.

"Wace ce ta tashi?" ta tambaya.

Na rera mata. Ta dube ni, ta dubi kakarta, sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta zame ƙasa, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya. Tsohuwa ta yi wuf ta shiga kicin. Ni kuma na aika aka sayo hanta, na gasa da hannuna, ta cinye tas ba ta miƙo mani ko yanka ba.

Tana lashe yatsu ta ce, "Ango, in dai da wannan muryar za ka yi zawarcina, gara ka janye kai ma."

Na ce ban janye ba. Waƙar ma ba ta janye ba. Har yau in ina alwala sai in ji ta taso mani ta hanci, tsohuwa kuma daga ɗaki ta ce, "Malam, an mayar da kayan mutane hwa."