Malt Uku da Gwangwanin Madara

Ko da zan manta lambar wayata, akwai wata Asabar a Doha da ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Amma kafin in ba ku labarinta, ya kamata ku san wanda ke magana. Ni ɗan bakin kogi ne. A Yawuri aka haife ni, kuma na iya iyo kafin in iya tafiya. Ina saurayi, in na nutse a wannan gaɓa, sai mutane su je su ci tuwo su wanke hannu kafin in ɓullo a waccan. Kifaye sun san ni. Haka nake faɗa wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni a masaukinmu na unguwar Sanaiya, bayan na wuni ina tuƙa motar ma'aikata. Abin da ban taɓa ambata ba shi ne rabona da ruwan da ya wuce na bokiti ya kai shekara ashirin, kuma a tsakanin nan Allah Ya hore mini tumbi.

Bakin nan nawa ne ya jawo mini. 'Yata, tana aji huɗu a lokacin, aka yi musu darasi a kan teku, sai ta miƙe ta ce babanta a bakin teku yake zaune, kuma yana shiga har ƙasa ya gaisa da kifi. Aji ya kwashe da dariya. Ta kira ni tana shessheƙa. Na ce, "Share hawayenki, uwata. Kafin Litinin za ki ga bidiyona a ƙarƙashin teku, ki nuna musu." Sai da na ajiye waya sannan na fara tunanin ta inda zan ɓullo wa maganar.

Ina da wani aboki ɗan Zangon Kumasi da ke aiki a jirgin ruwan katako, irin waɗanda ke kai masu nutso cikin teku. Shi ke ɗaga tukwanen iskar da suke goyawa a baya. Ya roƙi malamin nutson, wani Bamisire siriri marar yawan magana, har ya yarda a sa ni cikin masu gwaji ranar Asabar da rana. Abokin ya ja mini kunne, ya ce, "Alaji, na gaya masa kai kifi ne. Kada ka ba ni kunya."

Ranar Juma'a muna fitowa daga masallaci aka yi sanarwa cewa za a yi wa wani ɗan'uwanmu bakanike aiki a asibiti, ana neman masu ba da jini. Asabar da safe na je. Wannan kam ban yi nadamarsa ba, ko gobe aka kira zan koma. Na kwanta na miƙa hannu, na ce wa nas ɗin in tana da leda biyu ta kawo, jinina ya yi mini yawa har yana hana ni barci. Ba ta ko yi murmushi ba. Ta cika leda ɗaya, ta manna mini auduga da filasta, ta ce, "Yau ka huta. Ka sha ruwa sosai. Kada ka ɗaga kaya mai nauyi, kada ka yi abin da zai sa ka gumi." Na ce to. A raina kuwa na ce, shiga ruwa ai ba ɗaukar kaya ba ne, kuma wa ya taɓa yin gumi a cikin teku?

Ban da haka ma, ina da maganin da ita ba ta sani ba. Mu a gida, in mace ta haihu ko wani ya tashi daga zazzaɓi, ba a wata doguwar shawara: a sayo malt, a fasa madarar gwangwani, a gauraya, a ba shi ya sha, jini ya dawo. Na tsaya a wani shago a Abu Hamour na sayi malt uku da gwangwanin madara, na haɗa su a robar ruwa, na shanye a tsaye. Na ɗora da gasasshiyar hanta. Na yi lissafi: leda ɗaya aka ɗiba, gwangwani huɗu na zuba, ke nan na fi yadda na fito da safe jini. Na ja fatar idona a madubin mota, na ga ja, na ce alhamdulillahi. Ruwan da nas ta ce in sha kuwa, babu wurin da zai zauna.

Da rana jirginmu ya tashi daga bakin teku, wajen Corniche. Zafin Doha ranar nan, da ka ajiye ɗanyen ƙwai a kan katakon jirgin da ka ci wainarsa. Aka miƙo mana takarda mai tambayoyin lafiya, na bi ta da "a'a" daga sama har ƙasa ba tare da na karanta ko layi ɗaya ba. Malamin ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko akwai mai jin wani abu a jikinsa, ko wanda ya je asibiti kwanan nan. Da ya zo kaina na buga ƙirji. Filastata tana ɓoye a ƙarƙashin dogon hannun riga, kuma da aka zo canza kaya na juya baya kamar mai kunya.

Rigar robar nan da ake sawa, ina jin an ɗinka ta ne don maciji. Sai da mutum biyu suka taru kafin tumbina ya shiga. Aka ɗaura mini ɗamarar dalma a ƙugu don in nutse, aka goya mini tukunyar iska, aka sa mini takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Ina zaune a benci gumi yana bin bayana kamar an buɗe famfo. Na miƙa wa abokina wayata, na ce, "Bidiyon cikin ruwa malam zai ɗauka. Kai ka ɗauko ni tun daga miƙewata, da ka gama ka tura gida."

Ya saita waya. Na gyara murya na ce, "Uwata, ga babanki nan. Ki gaya wa 'yan ajinku kifayen Qatar sun shiga uku."

Malamin ya ce, "Yalla, mu je."

Na miƙe. Taku uku ne tsakanina da bakin jirgi. Na yi na farko, sai na ga dogayen benayen Doha can nesa sun sunkuya suna gaishe ni. Na yi na biyu, kunnuwana suka ɗauki ƙara, hasken rana ya koma kamar an rage fitila. Na ukun har yau ban san inda ya tafi ba.

Na farka a kwance a kan katako, ƙafafuna a sama bisa akwatin ƙanƙara, takalman agwagwa suna kallon sararin Allah. An zuge rigar robar har ƙugu, ana kwara mini ruwa. Malamin yana riƙe da hannuna, yana kallon filastar nan.

Ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "Da safe. Amma na mayar."

"Ka mayar da me?"

Abokina ne ya yi masa bayanin malt da madara, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai karanta laifin ɗan'uwansa a gaban alƙali. Bamisiren ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Hajji, abin da ka sha yana cikin cikinka, bai shiga jijiyarka ba. Ruwan jikinka sai ya kwana kafin ya dawo, jinin kansa sai makonni. Wanda ya ba da jini ba ya nutso a ranar, ni ma nakan ce ya ƙara kwanaki." Sai ya ɗaga ɗamarar dalmar da aka kwance mini, ya ajiye ta a kan ƙirjina. "Nan ka faɗi, muka ɗaga ƙafarka, ka tashi. Da a ƙasan ruwa ne, abin numfashi zai fice daga bakinka, ga wannan a ƙugunka. Taku ɗaya ya rage maka. Khalas, shi ke nan, yau ba ka shiga."

Nauyin dalmar nan har yanzu ina jin sa. A nan na tuna da yarinyar da ke jiran bidiyo, na ga irin saƙon da ya kusa isa gidanmu a madadinsa, dariyar duk ta fice mini.

Sauran yinin a ƙarƙashin rumfa na yi shi da robar ruwa a hannu, ina kallon wata tsohuwar Baturiya da ta girmi mahaifiyata tana faɗawa teku kamar gidansu. Sai da muka kusa gaɓa abokina ya zo wurina. Ya miƙo mini wayata ya ce, "Ka ce da na gama in tura gida. Na tura." Na buɗe, na tarar da saƙon murya daga uwargida, minti biyu cur, babu kalma ko ɗaya a ciki sai dariya da tari.

Litinin ta zo ta wuce babu bidiyon kifi. Na kira 'yata na gaya mata gaskiya, abin da ban saba ba, kuma sai da ta yi mako uku tana shan tsiyar 'yan ajinsu saboda taurin kaina. Na huta, na sha ruwa kamar raƙumi, na koma na ba Bamisiren haƙuri, na karanta takardarsa layi-layi da yatsa. Ya riƙe hannuna muka sauka a hankali, ba ma da nisa ba. Na ga kifi kamar ƙyauren ƙofa, ko da yake a bidiyon bai fi ɗan yatsa ba, laifin kyamarar ne. Na ɗaga masa hannu, aka ɗauka, na tura.

Tun daga ranar na san cewa ba da jini alheri ne, nutso ma abin sha'awa ne, amma ba a haɗa su rana ɗaya. In nas ta ce ka huta, ka huta. In malami ya tambaye ka, ka nuna masa filastar. Malt da madara kuwa a sha don daɗi.

Bayan kwana biyu 'yata ta kira, ta ce ƙawayenta sun cika gidanmu sun kalla a wayar mamanta. Na gyara zama, na ce, "To, yanzu sun yarda babanki ɗan ruwa ne?"

Ta ce, "Sun yarda, Baba. Amma duk sun ce a bidiyon farko ka fi kama da kifi."