Mai Riƙon Linzami a Bayan Basarake

Ina bakin shago a Deira ana ɗaure kaya, waya ta shigo: Dakta Habibu ya rasu, ciwon zuciya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban yi boko ba, surukina ke rubuta wannan, kuma na hana shi gyara min magana.

Marigayi malamin tarihi ne a wata jami'a nan Dubai. Shekara bakwai yana bin rayuwar wani basaraken Ingila da ya mutu fiye da shekara ɗari biyu: yadda ya gaji kujerar ubansa a majalisa, ya zama na hannun daman sarki, ya sauya ɓangare har sau biyu, ƙarshe aka ture shi ya koma ƙauye. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya zo min da labarinsa, ni kuwa in ce, "Dakta, matattunmu sun ƙare ne?" Sai ya yi dariya: "Baba, ba shi nake nema ba, na tsaye a bayansa nake nema."

Wata rana ya nuna min zanen basaraken a waya. A bayansa ga wani baƙin mutum riƙe da linzamin doki, tsaga uku a kowane kunci, da gajera ɗaya ƙarƙashin idon hagu. Dakta ya dubi fuskata.

"Baba, kai ke riƙe da salsalar gidanku. Akwai wanda ya ɓace?"

Na ce babu, khalas, magana ta ƙare.

Ƙarya na yi. Kakata ta gaya min, ita ma haka aka gaya mata: akwai Tanko, wanda wansa ya miƙa wa fataken Gwanja saboda rigimar gona. Mu zuriyar wan ne. Ko shi ne a zanen, Allah masani, amma tsagar tamu ce.

Sau uku ya sake tambaya, bai taɓa matsa min ba. Ya dai ce, "Baba, ɓoye sunan bawa sake sayar da shi ne." Na kau da kai, na ce shayi ya huce.

Da na je ta'aziyya, matarsa Hajiya Rabi ta nuna min littafin da bai gama ba. Ƙarƙashin zanen ya bar fili, babu rubutu.

Hajiya, a rubuta Tanko. A kuma rubuta ni na ɓoye shi.

Allah Ya jiƙan Dakta, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya jiƙan Tanko, duk inda aka binne shi. Ni kuma Ya yafe min.