Tafin Hannun Mahaifina da Amfilifaya Mai Kwalabe

Edita, ka yi mini alfarmar fili, ka kuma sakaya sunana, don labarin ba nawa ba ne ni kaɗai. A tsakiyar shekarun saba'in ni matashin akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna, da sabon aure, ina zaune a ɗan gida mai ɗaki biyu a Malali. Abokan aikina ƙwallo da silima ne suka ɗauke musu hankali, ni kuwa waya da dalma. Duk rediyon da ya mutu a layinmu sai ya kwana a gidana, wani in tashe shi, wani kuma in ƙarasa shi gaba ɗaya. Maiɗakina takan ce da ina kula da ita kamar yadda nake kula da sukudireba, da ta fi kowace mace ƙiba a unguwar. Ban koyi aikin a makaranta ba. Karambani ne da naci, sai kuma wani girman kai da nake yi wa kallon basira a lokacin.

Mahaifina malamin allo ne a Rigasa, kuma Malam muke ce masa mu ma 'ya'yansa. Shekara da shekaru shi ne mai jan baƙi a tafsirin azumi na unguwarsu, wato shi yake karanto ayoyi, wani amininsa kuma yana fassarawa. Allah ya ba shi murya mai nauyi da sanyi, wadda in ya ɗaga ta da asuba har matan maƙwabta kan dakatar da abin da suke yi. Sai aminin nan ya rasu, bazarar da ta biyo baya kuma sanƙarau ya kama Malam. Ya tashi daga ciwon, amma kunnuwansa ba su tashi ba. Tun daga nan ya daina ɗaga murya da karatu. Ya ce mutumin da ba ya jin bakinsa ba shi da tabbacin abin da yake fitarwa, kuma shi ba zai ɓata maganar Allah da ka ba. Sai dai ka ga leɓɓansa suna motsi. In za mu yi masa magana mai tsawo, da ajami muke rubuta masa a ƙasa. Duk lokacin da na je gaishe shi, shirun gidan nan ne yake biyo ni har Malali, ya hana ni sakat.

Ana nan sai wani tsohon ɗalibinsa ya kawo mini tef irin na da, mai faifai biyu, ya ce ya taɓa ɗaukar zaman tafsiri guda, Malam yana ja, marigayi yana fassara. Daga nesa aka ɗauka, sautin ƙasa-ƙasa. A makon ne kuma na ci karo da wata tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a gwanjon kayan wani Bature da zai koma gida. Irin mai kwalabe ce, waɗanda masu gyara suke kira bawul, nauyi kamar dutsen niƙa. Ba na manta ranar da na fara kunna ta. Na jona ta da rikodar juya tef da akwatin sifika, na ja labule, na murɗa makunni, ba abin da ya faru. Can sai na ga wani ɗan ja yana tasowa a cikin kwalaben, kamar garwashin da aka hura a hankali, ɗumi ya fara bugun fuskata. Sai muryar ta fito, ba farat ɗaya ba, tana tahowa kamar mai tafiya daga nesa har ta iso tsakar ɗaki. Malam ne yake karatu da cikakkiyar muryarsa, ya tsaya, sai ga marigayi yana gyaran murya zai fara fassara. Mutum yana kabari, ga numfashinsa a ɗakina, yana fitowa ta cikin gilashi da 'yan wayoyi. Maiɗakina ta saki ludayin da ke hannunta tana salati, ni kuwa na zauna a ƙasa ina kallon kwalaben, ina mamakin irin sirrin da Allah ya ɓoye a cikin halittarsa ya bar ɗan Adam ya tono. A wurin na ƙudurta cewa Malam zai ji wannan tef da kunnensa kafin azumi, kuma in ya ji, muryarsa za ta dawo.

Rigasa babu lantarki a layinsu, don haka shi ne yake zuwa. Alhamis ba a karatun allo, sai ya shigo mota ya iso Malali bayan azahar. Zuwansa na farko na shimfiɗa masa buzu gaban akwatin sifika, amfilifayar tana bisa akwatin, na ƙure ƙara. Ya karkata kai, ya daɗe, ya girgiza shi. Amma da zai tashi sai ya dafa murfin amfilifayar, sai na ga ya tsaya cak. Ya koma ya zauna, tafin hannunsa na dama a kan murfin, idonsa rufe, har tef ya ƙare. Ya ce mini yana jin wani abu yana tafiya a hannunsa, kuma wannan ya ishe shi, in bar ta haka. Ni kuwa dariya na yi a raina. Na ɗauka lallashina yake yi don kada in ji kunya. Wa ya taɓa jin karatu da hannu? Na rubuta masa a ƙasa cewa ya ƙara haƙuri, somin-taɓi ne wannan.

Daga nan na shiga cikin na'urar nan da ƙafa biyu. Na cire kwalaben ƙarshe na sa manya. Na canza taransifoma. Na sa kafinta ya ƙera mini akwatin sifika na katako mai kauri, wanda sai mutum biyu suke ɗaga shi. Akwai wani gurnani da take yi a ƙarƙashin sauti, sai na cire kwandansojinta, wato gwangwanayen da suke tara wuta su tace ta, na sa waɗanda suka ninka su girma. Gurnani ya ɗauke, sautin ya fito tas, har kana jin motsin tabarma da kukan jariri daga can bayan masallaci. A jikin tsofaffin gwangwanayen akwai wata 'yar rasista da kullum take zafi. Na dube ta na ce wannan ɓarauniyar wuta ce, ba ta da aikin fari balle na baƙi, na sa almakashi na datse ta. Ashe ita ce take zuƙe ragowar wuta in an kashe na'ura. Bayan haka akwai ranar da na zare fulogi na sa hannu, ta ɗan cije ni a yatsa. Maimakon in tambayi kaina dalili, sai na koyi dabarar taɓa gwangwanin da sukudireba, ya yi tartsatsi, sannan in fara aiki. Kaina kawai na yi wa wannan tanadi. Maiɗakina kuwa tun farko na gaya mata cewa in dai an zare fulogi babu abin tsoro, kuma ban koma na gyara maganar ba. Kowace Alhamis ƙara tana ƙaruwa, tagogi suna rawa, maƙwabcina yana aiko da gaisuwa mai ɗauke da ƙorafi, Malam kuma yana nan yadda yake, hannu a kan murfi, yana maimaita mini cewa ya isa haka.

Alhamis ta ƙarshe kafin azumi na dawo daga ofis da wuri, na cire murfin, na kife amfilifayar a bisa akwatin sifika, cikinta yana kallon sama. Na kunna ta na gwada, na kashe, na zare fulogi. Sai na ga wani soket, wato mazaunin kwalba, ya tsage. Tun da ba hannu zan sa ba, ban taɓa gwangwanin da sukudireba ba. Na yafa mata tsumma, na hau babur zuwa Kinkinau wajen wani mai sayar da tsofaffin kayan rediyo. Bayan fitata Malam ya iso. Maiɗakina ta ba shi ruwa ya yi alwala ya yi sallah, ya zo ya zauna a buzunsa. Ya nuna na'urar, ita kuma ta ɗaga masa fulogin ta nuna masa cewa a zare yake, ba komai. Ya janye tsumman, ya ɗora tafinsa, da sauran damshin alwala, daidai inda ya saba ɗorawa. Daga baya ta ce mini ta ji ƙara kamar an karya busasshen kara, sai ta ga dattijo ya yi baya ya bugu da bango, ya zube.

Da na dawo na tarar da ƙofata cike da mutane, aka ce an tafi da shi asibiti a motar maƙwabcin nan mai ƙorafi. Ban san yadda na isa can ba. Na same shi a kwance, an naɗe masa hannu, an ɗinke masa ƙeya. Likita ya ce ƙunar ta shiga ciki, kuma da wutar ta bi ta ƙirjinsa maimakon ta tsaya a tafin, da wani zancen ake yi. Na tsaya a bakin gado na kasa haɗa ido da shi. Ni ne na ce zan dawo masa da murya, ga shi na kusa raba shi da numfashi. Wasu masu zuwa dubiya har suna raɗa cewa wataƙila wutar ta buɗe masa kunne. Ba ta buɗe ba. Da na koma gida washegari na ɗauki sukudireba na taɓa ɗaya gwangwanin, wanda hannunsa bai kai gare shi ba, sai ya yi tartsatsi shuɗi har bakin ƙarfen ya ƙone. Kwana guda cur babu fulogi, amma wuta tana kwance a ciki, shiru, ba haske ba ɗumi, tana jira. Tsoron Allah ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na yi niyyar in kai na'urar nan bola in huta.

Malam ne ya hana. Da aka sallame shi gidana ya sauka, ana tsakiyar azumi, ya ce in mayar da duk abin da na cire wanda ya kamata a mayar, in rufe ta, in kunna masa. Na liƙa sabuwar rasista, na ɗaure murfi da kowane noti. Wata la'asar ya zauna a buzunsa, ya dubi hannunsa na dama a naɗe, ya dubi na hagu, ya ce shi ba zai karɓi Alƙur'ani da hagu ba. Sai ya matsa ya rungumi akwatin sifikar, ya manna ƙirjinsa da katakon, ya ce kada in ƙure ƙara. Kwalabe suka yi ja, muryar ta taho. Leɓɓansa suka fara motsi, sai kuma na ji sauti yana fita daga bakinsa, a dishe da farko, sannan ya washe. Ya kama ayar daidai inda tef yake, inda aka ja ya ja, inda aka tsaya ya tsaya, murya biyu ta mutum ɗaya suna tafiya tare ba wadda ta wuce wata. Da ya kai ƙarshen ayar ya yi shiru yana jiran fassara, kamar yadda ya saba jiran amininsa. Maiɗakina tana bakin ƙofa tana kuka, ni ma ban ɓoye nawa ba. Bayan an gama ya gaya mana cewa tun ranar farko yake bin karatun ta tsawon ja da wurin numfashi, kuma yana bambance su biyun, don tasa muryar a saman fata take tsayawa, ta marigayi kuwa har ƙashi take shiga. Duk makonnin nan yana auna bakinsa ne da tef ɗin a ɓoye, yana neman tabbaci, ni kuma ina ta canza masa ma'auni kowace Alhamis. Bai koma jan baƙi a masallaci ba, amma daga wannan azumin har ƙarshen ransa an ci gaba da jin karatunsa da asuba a Rigasa.

Abin da na koya shi ne, na so Malam ƙwarai, amma ban saurare shi ba. Shi da ba ya ji ya gane abin da na'urar take ba shi, ni mai kunne biyu na kasa jin kalma ɗaya da ya yi ta nanata mini. Don haka ina kira ga masu sha'awar irin wannan aiki, musamman matasa da suke tono tsofaffin amfilifaya masu kwalabe suna yi musu kwaskwarima. Zare fulogi ba ya nufin wuta ta tafi. Kada ka datse abin da ba ka san dalilin sa shi ba, kada ka bar na'ura a buɗe ka fita ko da nan da ƙofar gida ne, kuma duk abin da ka sani na haɗari ka sanar da mutanen gidanka, don ba hannunka kaɗai ne a gidan ba. In kuma don wani kake yin aikin, ya ce maka ya isa, to ka ajiye sukudireba. Malam bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. Amma ranar da ya rasu ina cikin masu yi masa wanka, na buɗe tafinsa na dama zan wanke, sai ga tabo biyu farare, daidai faɗin ƙafafun gwangwanin da na sa da hannuna. Allah ya jiƙansa, ya sa ya yafe mini har zuci kamar yadda ya nuna a fuska.